Wanke Talaka Ko Raina Masa Hankali?

Wani ɗan'uwa marubuci daga cikin 'yan bokon ƙasar Kazaure, wanda zan riƙa kira Malam saboda ya girme ni a shekaru da alƙalami, ya fitar da maƙala a kan yaƙi. Abin da ya kafe a kai shi ne talaka ba shi da ko ƙwayar zarra ta alhaki a duk yaƙin da aka taɓa gwabzawa, tun daga na Ɗantunku da Sarkin Kano Dabo har zuwa basasar Biyafara. Manya ne, in ji shi, ke ƙulla abin a cikin soro, su sa a buga tambari, su ɗura wa jama'a ƙarya ta bakin maroƙa da jarida da rediyo, talaka kuma ya bi, don ba shi da idon gane zamba balle bakin musu. Ya ƙarfafa hujjarsa da zancen da Goering, na hannun daman Hitila, ya yi wa wani Ba'amurke masanin halayyar ɗan'adam a kurkukun Nuremberg a 1946, inda ya nuna cewa jan jama'a zuwa fagen fama abu ne mai sauƙi a kowace ƙasa: a gaya musu an kawo musu hari, a kuma kira duk mai neman sulhu maci amana.

Maƙalar ta yi farin jini, kuma dole ta yi. Wa zai ƙi a ce masa hannunsa fes yake? Ni dai ban gamsu ba, kuma ba don ina neman wanke masu mulki ba. Rabin maganar Malam gaskiya ce da ba ta buƙatar rantsuwa. Ɗaya rabin ne ke da haɗari, domin duk wanda aka ce ba ya iya yin laifi, an ce ke nan ba ya iya yin zaɓi. An sa shi sahu ɗaya da yaro da mahaukaci da mai barci, waɗanda shari'a ta ɗauke wa alƙalami.

Bari in fara da inda muka haɗu. Ibrahim Ɗantunku mai tuta ne, ya yi wa jihadi aiki a wannan yanki da ke tsakanin Kano da Katsina da Daura. Da Sarkin Kano Sulaimanu ya rasu a 1819 aka naɗa Ibrahim Dabo, Ɗantunku ya ƙi yin mubaya'a, aka shiga ɗauki-ba-daɗi na kusan shekara 5. Baturen nan Clapperton da ya iso Kano a farkon 1824 ya tarar wutar ba ta mutu ba. Daga ƙarshe Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya raba gardama, ya bar wa Ɗantunku ƙasarsa, Kazaure ta tsaya da ƙafarta, ɗansa Dambo ya gaje shi. To manomin da ke gindin duwatsun Roni, ko makiyayin da ke dajin Gwiwa, ina ruwansa da wanda zai kai caffa Kano da wanda zai wuce da ita Sakkwato kai tsaye? Ɓangarorin nan biyu alƙiblarsu ɗaya, Shehunsu ɗaya. Rigima ce ta iko tsakanin manya, kuma irin wannan rigima rumbun talaka take ci. Har yau mutumin da littattafan Kano ke kira ɗan tawaye, mu a nan kakan gida ne, kowa da yadda aka ba shi labari. Haka basasar Kano ta 1893 zuwa 1895, wadda ta taso daga naɗin Tukur da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya yi, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka fice zuwa Takai. Faɗan gida ɗaya ne, amma 'ya'yan Musulmi talakawa aka kashe, aka kuma kama bayi. A nan ba ni da ja da Malam.

Ba ni kuma da ja da shi a kan yaƙin Hitila. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam na edita, kuma cikin dalilan kafa ta har da kashe raɗe-raɗin da ke yawo cewa Ingila za ta miƙa Najeriya ga Jamus. Da yaƙi ya ɓarke jaridar ta zama bakin gwamnati wajen tara kuɗi da kiran samari soja. 'Ya'yanmu suka tsallaka teku zuwa Indiya, suka shiga dazuzzukan Bama a runduna ta 81 da ta 82, suna yaƙar Japanawan da ba su taɓa satar musu ko akuya ba. Mafi muni shi ne diban gwamna. Da Malaya ta faɗa hannun Japan a 1942 Ingila ta rasa kuza, sai aka juyo kan Jos. Tsakanin 1942 da 1944 an kwashi mutum kusan 100,000 daga lardunan Arewa zuwa ramukan kuza, cikin sanyin da ba su saba da shi ba, da ƙarancin abinci, da yawa ba su komo ba. Wanda aka ɗaura wa igiyar dole irin wannan, ba mai hankalin da zai tuhume shi.

Amma Malam ya dubi yadda ake diban. Gwamna yana Legas, razdan yana birnin lardi, ba wanda ya san sunan kowa a ƙauye. Umurni ya sauko wa sarki, sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya ce wa dagaci ka kawo mutum kaza. Dagaci ne da masu unguwanni ke zama a zaure su zaɓa. Ɗan wa za a tura? Ba ɗan mai shanu ba, wanda ubansa ya riga ya aiko da gaisuwa da dare. Ɗan bazawara ne, ko baƙon da ya zo cin rani, ko wanda ya taɓa yi wa dagaci tsaurin ido a kan gona. Wannan dagaci a wane kwando Malam zai sa shi? Shi ba gwamna ba, shi kuma ba wanda aka tasa gaba da sanda ba. Kwanduna biyu kacal maƙalar Malam ta tanada, na manya da na talakawa, alhali mafi yawan aikin yaƙi a tsakaninsu ake yin sa: dagaci, sanƙira, maroƙi, liman a kan mumbari, malamin makaranta, edita, kofur mai igiya biyu. Kowannensu idan an ritsa shi zai ce ni ma yaron wani ne. Kuma ba dukansu suka zama aku ba. Imam ɗin da ke buga labaran nasarar Ingila, shi ne ya je Landan a 1943 ya zauna da Lugga ya zayyana masa koke-koken Arewa. Sa'adu Zungur ya yi waƙar maraba ga sojojin da suka dawo, ya karkata ta zuwa zancen 'yanci. Ashe ko a ƙarƙashin Bature akwai ɗan filin da mutum zai taka ya ce wani abu nasa.

Inda na rabu da Malam gaba ɗaya shi ne 1966, shekarar da ya tsallake da jimla biyu, kamar mai tsallake kwata. Kowa ya san mafarin. A 15 ga Janairu aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da manyan hafsoshin Arewa irin su Maimalari da Kur Muhammad. Ciwon gaskiya ne, kuma rashin hukunta waɗanda suka yi ya ƙara masa gishiri. Ironsi ya kafa Doka ta 34 a 24 ga Mayu ya rushe jihohi, kwana kaɗan aka fito tituna ana kiran a raba, aka far wa Inyamurai a garuruwa da dama. Aka yi juyin ramuwa a 29 ga Yuli. Sai a ƙarshen Satumba gidan rediyon Kwatano ya ba da labarin ana kashe 'yan Arewa a Gabas, rediyon Kaduna ya maimaita, gari ya kama da wuta. A 1 ga Oktoba sojojin bataliya ta 5 a Kano suka yi bore, suka nufi filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa da Sabon Gari. Dubban mutane suka hallaka a waɗannan watanni, fiye da miliyan suka tsere Gabas, kuma wannan jinin ne Ojukwu ya riƙe hujja har aka kai ga yaƙin wata 30.

Akwai manya a ciki, ba musu. Akwai tsofaffin 'yan siyasa da ma'aikatan da suka ga kujerunsu na neman suɓucewa, suka zuga. Wanda ya yanke shawarar maimaita labarin Kwatano a irin wannan lokaci shi ma yana da kasonsa. Amma a Kano gwamnan soja Hassan Usman Katsina da kansa ya zo ya tsaya gaban 'yan boren don ya mayar da su bariki. A ranar babba ne ke birki, na ƙasa ke ingizawa. Kuma ba gwamna ne ya san ɗakin da telan Inyamuri ke kwana ba. Maƙwabcinsa ne ya sani, wanda ya sha karɓar ɗinki bashi a hannunsa. Rediyo bai ce wa kowa ya ɗauke keken ɗinkin ya kai gidansa ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce mutanen da suka ƙi. A waɗannan kwanaki akwai Hausawa da Fulani da suka ɓoye maƙwabtansu Inyamurai a cikin gida, suka sa musu riga da hula, suka raka su tasha da asuba. Iska ɗaya suka shaƙa da masu kisan, rediyo ɗaya suka saurara, Sardauna ɗaya suka yi wa kuka. Ba su fi su karatu ba, ba su fi su kuɗi ba. Idan Malam ya ce wanda ya ɗauki adda ba shi da laifi don an ruɗe shi, to ya kwashe ladan wanda ya buɗe ƙofa ke nan, domin ya mayar da abin da ya yi dace, ba hali ba. Ni ba zan yi wa waɗannan bayin Allah wannan rowa ba.

Shi kansa Goering da Malam ya jingina da shi, ai ba shaidar kirki ba ne. Mutum ne da igiya ke jiransa, wanda ya rayu yana kallon jama'a a matsayin abin kaɗawa, yana kuma so ya nuna cewa abin da suka yi kowa ma yi yake. Mai sauraronsa ya ja da shi nan take a kan ƙasashen da jama'a ke zaɓen wakilai. Kotun ma ba ta tsaya ga masu ba da oda ba. Ta yanke wa Julius Streicher hukuncin rataya, mutumin da bai jagoranci ko soja ɗaya a yaƙin ba, jarida kawai yake bugawa yana cusa ƙin Yahudawa, kuma an rataye shi a 16 ga Oktoban 1946. A kan batun Ruwanda kotun Arusha ta ɗaure jagororin rediyon RTLM a 2003 saboda rawar da suka taka a kisan 1994, amma 'yan ƙasar ba su ce shi ke nan an gama ba. Sun kafa kotunan gargajiya a ƙauyuka, maƙwabci ya tsaya gaban maƙwabci ya faɗi wanda ya sara.

Yanzu mu dawo gida, ga abin da Malam ya gani da idonsa. A ƙarni na 19 Babura garkuwar Kano ce ta fuskar Damagaram, gari ne na ribaɗi, kuma a shekarun 1890 dakarun Ahmadu Kuran Daga sun kutsa ƙasar Kano har Gezawa. In tsohuwar gaba ake nema, akwai ta a ajiye. A 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da Bazoum a Yamai. ECOWAS, Shugaba Tinubu na jagorantarta, ta ba da wa'adin mako guda a 30 ga wata, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki, a 10 ga Agusta aka ba da umurnin shirya rundunar ko-ta-kwana. Duk kayan haɗin da Goering ya lissafa sun hallara: ga barazanar da ake nunawa, ga kalmomi masu daɗi irin kare dimokuraɗiyya, ga manyan ƙasashe na ɗaga kai. Bisa ƙa'idar Malam, kamata ya yi mu ji kalangu mu hau rawa.

Me ya faru? Wanda ya zauna a teburin mai shayi a Babura ko tashar Kazaure a makonnin nan ya ji amsar. Direban da motarsa ta kwana a bakin iyaka da kaya na lalacewa, dattijon da 'yarsa ke aure a Magarya, dillalin da rabin raƙuma da awakin da yake ci da su daga can suke gangarowa, ba wanda ya buƙaci digiri kafin ya ce: wa za mu harba, surukanmu? Limamai suka ɗauka a huɗuba, aka yi ta alƙunutu, aka yi zanga-zanga a Kano. Sanatocin Arewa suka fito suka ƙi, suna nuni da jihohi 7 da ke jingine da Nijar, Jigawa na ciki. A 5 ga Agusta Majalisar Dattawa ta ce a bi hanyar sulhu. Muhammadu Sanusi na Biyu ya shiga Yamai a 9 ga wata tare da Sarkin Damagaram, ya ga jagoran juyin mulkin, Janar Tiani, tawagar malamai ƙarƙashin Shaikh Abdullahi Bala Lau ta bi baya. Ba a harba harsashi ko ɗaya ba. A 13 ga Maris na 2024 Najeriya ta ba da umurnin buɗe iyaka.

Na san abin da Malam zai ce: ai sanatoci da sarakuna da malamai ne suka hana, su ma manya ne, ga kuma gargaɗin Mali da Burkina Faso da ƙin yardar Aljeriya. Duk sun yi tasiri. Amma sanatan da muka sani, wanda ba ya ɗaga waya sai zaɓe ya ƙarato, ba tsoron Allah kaɗai ya sa shi gaggawar fitowa ba. Ya san akwai ranar komawa mazaɓa. Malam da kansa yana cikin masu yabon jama'a a lokacin, cewa talaka ya waye. To wayewar da ta isa a yabe ta ranar da ta ƙi, ta isa a tuhume ta ranar da ta yarda.

Kuma kada yabon ya yi yawa. Mutanen da suka toshe kunne ga farfagandar Abuja, da yawansu sun buɗe shi wangwam ga ta Yamai. Da Janar Tiani ya yi hira da Hausa a ƙarshen Disambar 2024 yana zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa, kuma Nuhu Ribaɗu ya fito ya musanta, mutum nawa ne cikinmu ya saurari ɓangarorin biyu kafin ya tura wa na gaba? Abin da ya dace da abin da ke ranmu ba ma tambayarsa takarda. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Farfaganda ba ta shuka ƙiyayya a fako, inda aka riga aka yi huɗa take zuba iri.

Wannan ne ya sa nake ganin maƙalar Malam ta zo a mummunan lokaci. A 1966 sai da gidan rediyo da injiniya da izinin manaja kafin ƙarya ta isa Gwiwa. Yau tana cikin aljihu. Na sha ganin yadda abin ke tafiya bayan la'asar a majalisa: wani ya ce ku ji wannan, ya ɗaga waya, murya ta fito tana haki, wai ana kashe 'yan'uwanmu a gari kaza, ku yaɗa don Allah. Ba suna, ba rana, ba wanda ya san muryar. Wani ya ce innalillahi, wani ya ce turo min. Dattijo ɗaya ya ce a dai bincika, aka yi masa kallon mai sanyin kishi. Kafin a kira magariba saƙon ya shiga zauruka goma na WhatsApp. Binciken da BBC ta fitar a 2018 a kan rikicin Filato ya nuna hotunan da aka yaɗa a Facebook a watan Yunin shekarar, har da wanda asalinsa daga Kwango ne tun shekaru da suka wuce, kuma bayan yaɗuwarsu aka tare hanya aka kashe matafiya. Wane sarki ne ya buga wannan tambari? Ɗan yatsan wa ya danna?

Malam mutum ne mai karatun addini, ya fi ni sanin cewa hujjar an ruɗe mu ba ta tsayawa a can. Alƙur'ani ya kawo muhawarar mabiya da shugabanninsu a wurare da dama, a Suratul Ahzab da Saba'i da Ibrahim, mabiya na cewa manyanmu muka bi, kuma wannan bai fisshe su ba. Ayar da ke Suratul Hujurat mai umurni da a tantance labari, malaman tafsiri sun danganta saukarta da rahoton da ya kusa sa a yaƙi Banu Musɗaliƙ a kan abin da ba su aikata ba. Ga kuma labarin kwamandan da ya hura wuta ya ce wa mutanensa su shiga, suka ƙi, Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tabbatar musu cewa ƙin shi ne daidai, biyayya a cikin abin kirki take. Ko a tarihinmu, da Shehu Laminu na Barno da Muhammadu Bello suka yi ta musayar wasiƙu a kan halaccin yaƙar Barno, kowannensu hujja yake kawowa, don ya san akwai masu karatu da za su auna.

Ban ce a raba alhaki daidai-wa-daida ba. Wanda ya ƙirƙiri ƙarya yana sane, da wanda ya sa hannu a takardar tura bataliya, nauyinsu ba ɗaya ba ne da na yaron da aka cusa a mota zuwa Jos, ko kurtun da yunwa ta kai shi layin ɗaukar soja a 1967. Laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwa, kowa da irin nasa. Awon da nake ganin ya dace tambaya biyu ce ga kowane mutum, mai rawani ne ko mai gatari: me ka sani a lokacin, kuma me za ka iya ƙi ba tare da an sare kanka ba? Ɗan diban gwamna zai wuce wannan awo ba tare da ƙura ba. Dagacin da ya karɓi gaisuwar dare ba zai wuce ba. Wanda ya nuna ɗakin tela ba zai wuce ba. Ni da Malam, masu alƙalami da waya, awon namu ya fi na kowa tsanani a cikin talakawa, in ma har yanzu muna cikinsu.

Akwai kuma wanda ke cin ribar zancen Malam, kuma ba talaka ba ne. Ɗan siyasar da ke neman 'yan daba a zaɓe mai zuwa zai so ƙwarai samarin Kazaure da Roni su yarda cewa duk abin da hannunsu ya yi, a wuyan mai gida yake. Da wannan fatawa ake raba adduna. Ɗaliban kwalejin Hussaini Adamu da ke karanta Malam su ne za a nema da wannan aiki, su ne kuma ke riƙe da wayoyin. Saboda haka ina roƙon Malam, da girman da nake ba shi, idan zai mayar mini da amsa kada ya sake kai ni Nuremberg. Ya tsaya a Babura, a watan Agustan 2023, ya bayyana mana ta yaya mutanen da ya ce ba su da bakin musu suka yi musu har aka ji su a Abuja.